Ranar da Na-Sama Ya Ɗaure Tsani

Ƙanin mijina ne, uwa ɗaya uba ɗaya da marigayi, amma ko a fuska ba su ɗauko juna ba, balle a hali. Marigayi, Allah ya jiƙansa, yakan zauna a tabarma tun la'asar har a kira magariba bai gyara zama ba. Wannan kuwa ban taɓa ganin ya gama cin abinci a zaune ba. Zai fara a zaune, loma ta ƙarshe kuma a bakin ƙofa za ta same shi, kwano a hannu, ƙafa ɗaya cikin takalmi. Na-Sama ake ce masa, don in kana nemansa sai ka ɗaga kai.

Wankin gilashin tagogi yake yi, shekara ashirin da shida ke nan. Fenti ya fara koya yana saurayi, warin ya riƙa toshe masa ƙirji, sai ya bar gwangwanayen ya tafi da tsanin. Kayan aikinsa ba su da yawa. Tsanin ƙarfe mara nauyi wanda ake zugewa ya ninka tsawo, bokiti mai ƙugiya, soso, wani ɗan ƙarfe mai roba a baki da yake share ruwa da shi, sai tsofaffin singileti da yake sokewa a ƙugu. A gefen keke yake ɗaure tsanin, ya bi titi da shi, masu mota suna zaginsa yana ɗaga musu hannu.

Da na fita takaba, shi ya samo mini aikin shara da goge-goge a wani bene da yake wankewa, mai hawa biyu ban da ƙasa. Ƙasan shaguna ne, kantin magani da masu sayar da waya, tsakiya da sama kuma ofisoshi. Wannan benen shi ke riƙe da gidansa. Duk Litinin da Alhamis yana jikinsa, kuma ganinsa a can ne ya sa sauran masu gine-ginen layin suke kiransa.

A nan na san shi sosai, don ina ciki yana waje, gilashi kaɗai ne a tsakaninmu. In yana aiki harshensa na tsakanin haƙora. Ya shafa kumfa, ya ja robar nan tun daga sama yana murɗa hannu kamar mai tuƙi, bai ɗaga ta ba sai ƙasa, sannan ya karkata kai ya kanne ido ɗaya yana neman zane. Ba ya kallon mutanen ciki. Yakan ce mai wankin taga gilashi yake gani, ba ɗaki ba, kuma wannan ne ya sa ake barinsa ya daɗe a wuri. Ni kaɗai yake ƙwanƙwasa wa.

“Matar Yaya,” sai in ji muryarsa can ƙasa-ƙasa ta cikin gilashi, “wannan dattin naku ne na ciki. Kada gobe a ce nawa ne.”

“To sarkin tsabta. Je ka fara wanke wuyan rigarka.”

Abu ɗaya ne yake yi wanda ban taɓa sabawa da shi ba. In ya gama taga, ba ya saukowa ya matsar da tsani. Yana can sama zai riƙe gefe da gefe, ya ture bango da ƙirji, ya yi wani ɗan tsalle, sai kan tsanin ya goga a bango ya matsa kamar kamu ɗaya. Ya sake yi, ƙafafun tsanin su biyo. Sau uku, sau huɗu, ga shi a taga ta gaba. Shi yana ce wa abin tafiyar tsani. Ni kuwa da na ji ƙarfen nan ya yi garr a bango sai in saki tsintsiya in kama salati. Na yi masa magana har na gaji.

“Ke, in zan sauka in hau a kowace taga, yaushe zan gama? Gwiwata ma ba za ta yarda ba. Ai tsanin nan ya san ni.”

Ana nan sai wani ɗan sana'arsu ya faɗo a wata unguwa, ya karye a baya. Ba a yi wata ba masu benen suka aiko da takarda. Ina goge teburin Manaja aka kira Na-Sama, ya shigo da hula a hannu, ya ƙi zama.

Manaja ya karanta masa. Daga yanzu sai an ɗaure kan tsani a bango. Sai wani ya riƙe gindinsa. Ba tsayawa a matakai ukun ƙarshe, ba miƙa jiki gefe. Duk sanda za a matsar da tsani kuma, sai an sauko ƙasa. Nan da mako biyu za a turo wata ma'aikaciya ta kalli aikinsa tun daga farko har ƙarshe. In ta gamsu ta sa hannu. In ba ta gamsu ba, an hana jingina tsani a benen ke nan, a ba wasu masu wanki da doguwar sanda daga ƙasa.

“Ranka ya daɗe, sandar ce za ta ga datti?”

“Ni dai abin da aka rubuta na karanta maka.”

“Shekara ashirin da shida, ko farcena bai taɓa karyewa ba.”

“Wancan ma da ya faɗo, haka matarsa ta ce.”

Na-Sama ya juya hular nan a hannu har sau nawa, ya ce Allah ya kai mu, ya fita. Ina jin saukarsa a matakala, bibbiyu yake haɗawa.

Makon nan biyu ba wanda ya huta a gidansu. Gidanmu da nasu katanga ɗaya ce, in an yi tari can ina ji. Da asuba kafin in shafa addu'a sai in ji ƙarar tsani a bangon tsakar gida. Gwaji yake yi. Ya hau, ya ɗaure da igiyar shanya, ya kwance, ya sauko, ya matsar, ya sake hawa, yana ƙirga dokokin da ƙarfi kamar mai bitar karatu. Facalata, matarsa, mai ɗinki ce, kuma bakinta ya fi allurarta kaifi.

“Baban yara, igiyata fa? A kanka zan yi shanya?”

“Ki bari mana, aikin gwamnati nake yi.”

“Wace gwamnati? Tsofai-tsofai da kai, yau ake koya maka saukowa. Ni da na shekara ashirin ina cewa ka sauko, wa ya ji? Sai da takarda ta faɗa.”

“Ai ke ba ki da hatimi.”

Ya rame a 'yan kwanakin nan. Ya je layin da masu doguwar sandar suke aiki har sau uku, ya tsaya daga nesa yana kallo, ya dawo yana tsaki, wai jiƙa gilashi kawai suke yi su tafi. Ya tsare magini har aka kafa zoben ƙarfe a saman kowace taga, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ja da hannu. Ya sayi sabuwar igiya shuɗiya, ya yanke ta gajera. Mai riƙe gindin tsani ne ya rasa, sai Maigadin benen ya ce shi zai riƙe. Dattijo ne mai jiki, sun shekara goma sha suna faɗa a kan inda za a jingine keke.

“Zan riƙe maka,” in ji Maigadi, “amma in ka faɗo kada ka faɗo a kaina. Ina da iyali.”

“Ai da na samu katifa.”

Ranar Alhamis ɗin da aka sa, matar ta iso da hantsi. Yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar 'yata ta biyu ba, da hular kwano fara da fayil a ƙirji. Ta gaishe shi da ladabi, ta ce masa Baba. Ta duba ƙafafun tsanin, ta latsa robobinsu da yatsa, ta girgiza kowane mataki. Shi kuwa yana tsaye yana sauya ƙafa kamar mai jin fitsari.

Ya fara daga hawa na tsakiya. Ni ma sai na tsiri goge tagogin ciki, ina binsa ɗaki ɗaki, ko da yake ba ranar yinsu ba ce. Wallahi ya yi ƙoƙari. Ya hau, ya ɗaure, ya wanke, ya kwance, ya sauko, su matsar shi da Maigadi, ya sake hawa. Ina ganin leɓensa yana motsi. Zufa ta jiƙa masa riga tun kafin ya gama tsakiya, kuma daga taga ta goma ya fara dafa gwiwa in ya taka ƙasa. Matar tana rubutu tana gyaɗa kai.

Aka zuge tsani aka koma hawan sama. Rana ta take. Saura taga biyu a gama, na kusurwa, waɗanda suke manne da juna, ginshiƙi siriri ne kawai a tsakaninsu. Ina cikin ɗakin. Gilashin nan ba ya buɗewa, a kafe yake. Na leƙa ƙasa na ga wayar matar ta yi ƙara, ta toshe kunne ɗaya saboda hayaniyar motoci, ta zagaya bayan kusurwa.

Na-Sama ya ja robarsa ta ƙarshe. Ya karkata kai, ya kanne ido, taga ta yi. Sai idonsa ya sauka a kan ta gaba, ga ta nan kusa, kashin tsuntsu ya bushe a tsakiyarta. Ban ga ya yi tunani ba. Hannayensa kawai na ga sun kama gefe da gefe, ƙirjinsa ya ture bango.

Ya manta ya ɗaure.

Da tsanin a sake yake, da ya goga ya matsa kamar kullum. Amma igiya ta bar shi ya tafi ɗan kaɗan, sannan ta fizgo shi. Kan tsanin ya dawo, jikinsa kuma ya riga ya tafi. Tsanin ya murɗe, ƙafarsa ɗaya ta ɗaga daga ƙasa, ƙafafun Na-Sama duka biyu suka bar mataki. Hannu ɗaya ne ya rage masa a jikin ƙarfe. Kafaɗarsa ta bugi gilashi daidai fuskata. Bokitin da ke rataye ya tuntsure ruwansa, robar ta faɗa cikin shukokin bakin bango ba ƙara.

Tafin hannuna kawai na manna a gilashi, kamar hakan zai riƙe shi. Ya dube ni. Ba gilashin ya duba ba, ni ya duba, ido cikin ido, bakinsa a buɗe, kuma a fuskar nan ba tsoro na fara gani ba, mamaki ne.

Can ƙasa Maigadi ya faɗa wa tsanin da duk nauyinsa, ya rungume shi kamar mai kokawa. Ƙafar da ta ɗaga ta koma ƙasa. Na-Sama ya lalubo mataki da ƙafa ɗaya, ya kuskure, ya sake lalubowa ya samu. Ya kifa goshi a kan ƙarfe ya tsaya haka. Duka abin bai kai a karanta Fatiha ba.

Da matar ta dawo, ya riga ya kwance igiya yana saukowa a hankali. Ta dubi Maigadi sharkaf, kumfa har a gemu.

“Baba Maigadi, lafiya?”

“Lafiya lau, 'yata. Wanka yake mini, ya ce na fi gilashin datti.”

Ta yi dariya ta ce a riƙa kula da bokiti. Suka matsar da tsani. Na zaci ba zai koma ba, sai ga shi ya tsinci robarsa a cikin shuka, ya ɗebo ruwa, ya hau ya wanke ta ƙarshen. Layi biyu ya bari a jikinta, shi da ba ya barin ko ɗaya. Matar ta sa hannu a takarda biyu a kan bayan mota, ta ba Manaja ɗaya, ta ba Na-Sama ɗaya.

Kafin ta tafi ta hau sama wanke hannu, ta same ni a zaune a kan bokitina na juye.

“Mama, an ce surukinki ne ko ƙaninki? Ya iya aikinsa.”

Na ce, “Ya daɗe yana yi.”

Ban yi ƙarya ba. Amma da na tsaya sallar azahar sai da na yi rafkanwa, ban san raka'a nawa na yi ba. In na yi magana na tsayar masa da abinci. In na yi shiru, ranar da ya faɗo da hannuna a ciki. Kwana huɗu ina juya wannan, ina shara ina istigfari. Facalata tana ta murna, ta sa takardar a leda ta rataye a bango, ni ko ido ba na iya haɗawa da ita.

Ran Litinin Na-Sama ya zo da wuri. Ya jingina tsani, Maigadi ya riƙe. Ina kallo daga tagar matakala. Ya hau ɗaya, biyu, uku, huɗu, ya tsaya. Ƙafarsa ta dama ta fara rawa a kan mataki, rawar da har wandonsa yake kaɗawa. Ya sauko ya ce ya manta tsumma. Tsumman na ƙugunsa. Ya zagaya benen ya dawo, ya sake hawa, a na huɗun nan ya sake tsayawa. Ya ce akwai iska. Ko ganye ba ya motsi. Ya wanke na shagunan ƙasa, ya sake wanke su, ya ɗaure tsani a keke ya tafi.

Alhamis ma haka. Wannan karon ya kai na biyar.

Na same shi a bayan bene wajen famfo, yana wanke bokitin da ba datti. Na tsaya a kansa. Bai ɗago ba.

“Matar Yaya, kin faɗa mata?”

“Wa? Matarka ko mai fayil?”

“Ko wacce.”

“Ban faɗa wa kowa ba. Shi ne ma ya hana ni sakat.”

Ya kashe famfo, ya kunna, ya sake kashewa.

“Kin san abin da ke damuna? Ba faɗuwar ba ce. Kowa da ranarsa. Da na yi niyya ne, na ce bari in saci hanya tunda ba ta kallo, da da sauƙi, sai in ce daga yau na daina. To ban yi niyya ba. Wallahi ban san lokacin da na yi ba. Mako biyu ina gaya wa kaina, ranar ma ina hawa ina faɗa, ni da hannuna na ƙulla igiyar. Kuma jikina ya yi abinsa bai tambaye ni ba. Ta yaya zan yi alkawarin abin da ban san lokacin da nake yinsa ba?”

“To ka bar ɗaurewa mana.”

“In na ɗaure, tsallen zai kashe ni. In ban ɗaure ba, takarda ta kore ni. Ƙafar nan kuma ta riga ni ganewa.” Ya daki cinyarsa. “Munafuka.”

“Kada ka zage ta. Ta fi ka hankali.”

Ya yi 'yar dariya, ta farko a kwanakin. Sannan ya ce in ba shi tsintsiyata ya ga ko zai iya, tunda aikin ƙasa ya koma. Na ce ai shara sai mai haƙuri, shi ɗaki ɗaya zai share ya bar tsintsiya a tsaye.

Daga nan ofishin Manaja ya wuce. Ban bi shi ba, amma ƙofar a buɗe take. Ya ce a ba masu sanda tsakiya da sama, a bar masa shagunan ƙasa in ana so. Manaja ya ce wane irin zance ne wannan, mutum ya ci jarrabawa ya dawo ya ce bai ci ba? Ya ce gwiwa ce. Manaja ya ce a nemi magani. Sai Na-Sama ya ce, “Ranka ya daɗe, ba gwiwa ba ce.” Ya faɗa masa komai, har ruwan da ya zubo wa Maigadi. Na jingina da bango a waje, na ji kamar an sauke mini tulu daga ka.

Facalata ba ta yi faɗa ba da ta ji, abin da ya ba kowa mamaki. Keken ɗinkinta kawai ya yini yana gudu ba tsayawa. Sauran gine-ginen layin, biyu sun bi sahun namu kafin wata ya ƙare. Abin ya taɓa gidan, ba sai na faɗa ba. Yanzu shaguna yake bi, da gidaje marasa bene, yana gamawa kafin azahar, sauran yinin kuma ya rasa inda zai sa kansa. Ya gyara ƙofata da ba ta lalace ba. Ya kwance kekensa ya ɗaura sau biyu.

Ranar da masu sanda suka fara zuwa, ba ranar aikinsa ba ce, amma tun safe na hango shi a tsallaken titi, gaban mai faci. Ya je ya dawo, ya je ya dawo, hannu a baya, kai a sama. Su biyu ne, da tankin ruwa a bayan mota, da tiyo da ke bin cikin sandar har zuwa buroshin da ke kanta. Babbansu mai furfura ne, ba yaro ba. Na-Sama ya daure har suka kai tagogin kusurwa. Sai ga shi ya keto titi, mai babur ya kusa kwashe shi.

“Malam, sannu da aiki. Wannan ta kusurwar ba haka ake mata ba. Ruwan na'urar sanyi yana ɗiga a gefenta na hagu, ya bar fari. In ba ka dirje wurin ba, da ta bushe zai fito.”

Mutumin ya dube shi sama da ƙasa. “Kai ne mai tsanin?”

“Ni ne.”

“Ni ma shekara goma sha tara na yi a kansa. Ungo, nuna mini wurin.”

Ya miƙa masa sandar. Na-Sama ya karɓa kamar an ba shi jaririn wani. Kan sandar ya yi lilo can sama, buroshin ya bugi bango, ruwa ya gangaro ya shige masa hannun riga har hammata. Maigadi ya tuntsire da dariya har da riƙe ciki.

“Alhamdu lillahi! Yau an rama mini.”

“Rufe mana baki, tsohon banza. Wannan ai ba kayan aiki ba ne, abin kakkaɓo mangwaro ne.” Ya gyara tsayuwa, ya ja baya taku biyu, ya sake ɗagawa. “Kuma wuyan mutum zai karye a banza. Ta ina ake rage ruwan?”

Mai furfura ya nuna masa. Ya miƙa hannu zai karɓi sandarsa, Na-Sama ya kauce da kafaɗa.

“Dakata tukuna. Ban gama da gefen hagun ba.”